Ɗanbaba Mai Gugar Sojan Ruwa

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Doha, in dai yana da shadda ko ɗaya ce a akwati, to ya san Ɗanbaba mai guga. Shagonsa yana Mansura, cikin wani lungu bayan tashar Metro, tsakanin mai gyaran waya da wani ɗan Indiya mai shayin karak. Shagonsa dai a bakin mutane, amma a takarda na wani dattijon Balarabe ne, kafil ɗinsa, wato mai tsaya masa kan bizar zama, wanda ba ya leƙowa sai ya ga dama. Ɗanbaba gajere ne kakkaura, furfura ta fara cin gemunsa. In ka shiga za ka tarar da shi cikin singileti, tururi ya rufe shi, rediyon wayarsa na ta surutu ba mai saurare.

Mutumin Kura ne, kuma a mabuga ya buɗi ido. Kakansa bugu ya yi, ubansa bugu ya yi, shi ma tun bai iya ɗaure wando ba aka zaunar da shi gaban gungume aka damƙa masa guduma. A shimfiɗa baƙin yadi, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har yadin ya ɗauki ƙyallin nan da Buzaye ke tasowa tun daga Agadas dominsa. Da kasuwar ta ja baya sai ya gangara Kano, ya kama wanki da guga a Fagge. Nan ya auri Rahmatu, nan aka haifi Haulat da ƙannenta. Da hidima ta yi masa yawa, wani abokinsa ya yi masa hanyar Ƙatar, aikin gadi a wani gini a Al Rayyan.

Gadi bai karɓe shi ba. Mutumin da hannunsa bai san hutu ba, a ce ya tsaya ƙiƙam daga safe har yamma yana kallon ƙofa? Kai, ya sha wuya! Ranar da Allah ya tashi fid da shi, shaddarsa ta Sallah ya kai wanki wannan shago na Mansura, aka miƙo masa ita a rataye, laƙwas, ba sitaci ba kari, kamar daga bakin saniya aka ƙwato ta. Ɗanbaba ya zagaya bayan kanta, ya karɓe dutsen guga daga hannun ma'aikacin, ya nemi sitaci, ya yi wa rigarsa abin da ya dace da ita. Dattijon nan mai shagon yana gefe yana jan carbi yana kallo. Ba a daɗe ba aka mayar da takardun Ɗanbaba hannunsa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Likitoci, injiniyoyin gas, malaman jami'a, direbobi, masu gadi, kowa ya zazzage akwati ya kwaso. Har gudumarsa ya sa aka aiko masa daga gida, ya samo guntun gungume ya ajiye a saman bene, in la'asar ta yi sai ka ji tim-tim, maƙwabta tun suna ƙorafi har suka saba. Aƙidarsa guda ce: kayan fita kunya, a hango su tun daga nesa. Fari a ɗan sa masa bula ya yi haske. A ba shi sitaci har ya iya tsayuwa da kansa. A buga, a ninke gida-gida, a danne ninkin da dutse, yadda in mai kaya ya warware ranar Juma'a karin zai fito raɗau, kowa ya san ba daga ƙarƙashin katifa aka zaro ba. Jallabiyoyin Larabawa da rigunan ofis kuwa yana goge su yadda masu su ke so, ya rataye, amma a ransa wannan ba guga ba ce, shafa ce kawai. Ya ji daɗin zamansa ƙwarai. Yara na makaranta a gida, tukunyar Rahmatu ba ta kwana a kife, shi kuma da yamma ya fito bakin shago da kofin karak a yi ta hira.

Sai korona ta zo. Aka rufe masallatai, ba Juma'a, ba ɗaurin aure, ba suna, Sallah ma a falo aka yi ta. To wa zai saɓa babbar riga ya zauna gaban talabijin? Wasu masu kawo masa kaya aikinsu ya ƙare suka koma gida, waɗanda suka rage suka koyi wanki da injin gidansu. Abokin aikinsa, wani ɗan Bangaladash, ya tafi ganin gida, hanya ta rufe da shi. Ɗanbaba ya rage shi kaɗai yana ta goge kantar da ba ta yi datti ba. Ko da aka sassauta kulle, kasuwa ta ƙi komawa yadda take.

Ana cikin haka sai ga Dakta Badaruddeen, wani Bazazzagi da ya daɗe yana kawo masa kaya, ya shigo da takunkumi a fuska da albishir a baki. Shi malamin injiniya ne a jami'a. A cikin ɗalibansa akwai wasu samari 'yan Ƙatar da ke karatun digiri suna kuma karɓar horon zama hafsoshin sojan ruwa: da sassafe fareti, da hantsi aji, in an yi hutu a kwashe su a kai teku. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Jasim, ya taɓa ganin Dakta cikin farar shadda ya tambaye shi wa ke yi masa wanki. Yanzu wurin da suka saba kaiwa cutar ta sa an rufe shi, ga kuma babban fareti na tafe, shi ne 'yan ajin suka tattaro kayansu.

"Malam Ɗanbaba, fararen kaya ne na fareti," in ji Dakta. "Manya ne za su zo duba su. Don Allah a fid da ni kunya."

"Haba Dakta! Ni ake gaya wa fari? Je ka kwantar da hankalinka."

Da kayan yau da kullum ne, da ya shafa ya rataye an wuce wurin. Amma kayan da 'ya'yan mutane za su tsaya da su gaban manya? Ai wannan aikin Sallah ne, ba a yi masa rowa. Ɗanbaba ya zage damtse. Ya wanke, ya tsoma a bula, ya dama sitaci mai kauri, ya hau bene da gudumarsa ya yi ta dukan kayan har suka fara ɗaukar ido. Ya ninke kowace riga da kowane wando gida-gida, ya danne da dukkan ƙarfinsa, ya sa a leda ya jera. Da ya ja baya ya dube su, shi da kansa sai da ya ce masha Allah. Ana gobe fareti samarin suka aiko direba ya kwashe, kuma ganin ledoji a ɗaure tsaf-tsaf, ba wanda ya buɗe tasa sai da gari ya waye, lokacin da ba sauran damar gyara.

Aka jera ɗalibai a fili sahu-sahu, fari fat, kowa kamar kowa. Sai ga 'yan ajin su Jasim a tsakiya suna walƙiya, kayan sun yi shuɗi-shuɗi, ga kari gida-gida tun daga kafaɗa har idon sawu kamar filin dara. Wandon ya ƙi lanƙwasuwa, in sun taka sai ka ji ƙaras-ƙaras. Hafsan da ke dubawa ya zo kan Jasim ya tsaya, ya kalle shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko a kwali aka aiko shi. Ranar sun zagaya fili a guje cikin rana har sitacin ya narke a jikinsu, aka kuma soke musu fitar ƙarshen mako.

Da aka sake su, Jasim ya zo shagon da ƙafarsa, Dakta na biye da shi yana ba shi baki. Dogon saurayi ne siriri, mai ladabi, amma ranar idonsa ya rufe. Ya shimfiɗa wando a kan kanta yana bin karin da yatsa, yana zuba Larabci da sauri, Dakta na fassarawa yana rage wa maganar zafi. Ɗanbaba ya ɗaga wandon ya duba. Kari ya fita, bula ta zauna. Shi dai bai ga laifinsa ba.

"Dakta, tambaye shi, ina aibin? Wallahi ko angon Kano ban taɓa yi wa aikin da ya fi wannan ba."

"Ai aibin ke nan, Malam. Su ba angwaye ba ne. So ake kowa ya yi daidai da na kusa da shi, kada a iya ware ɗaya."

"A yi wa kaya aiki kuma kada a gani? To mene ne amfanin?"

Jasim ya naɗe wandonsa ya fita. Daga ranar ba wanda ya sake kawo ko hankici.

Ɗanbaba ya yi fushi, fushi na gaske, irin na wanda aka raina wa abin da ya gada. Ya yi watanni in an ambaci sojan ruwa sai ya tsuke fuska ya ce yara ne, ba su san kaya ba. Dakta ma ya ɗan ja jiki, sai dai gaisuwa daga cikin mota.

Wata safiya dattijon kafil ya zo ya zauna a kujerarsa, ya daɗe yana jan carbi kafin ya yi magana. Gasar Kofin Duniya ta matso, gari ya rikice da aikin gini, haya ta tashi, kowane lungu na Mansura ana fenti ana jiran baƙi. 'Ya'yansa sun matsa masa a mayar da shagon wurin sayar da shawarma.

"Ina son ka, ya Hajji," ya ce, "amma shago ya kasa riƙe kansa. Zuwa bayan azumi, in babu aiki tsayayye, khalas, an gama."

Ɗanbaba ya san abin da ke bayan wannan magana: a soke biza, a raka shi filin jirgi. Shekarunsa sun wuce na neman sabon aiki, kuma shi yana son wurin nan, yana son lungunsa da tururinsa da mutanensa. Da yamma ya kira Rahmatu ya zazzage mata komai, har da labarin sojan ruwa da ya daɗe yana ɓoye mata. Ya yi zaton za ta taya shi jin haushi. Sai ya ji tana dariya har da tari.

"Baban Haulat, wato aikin yana nan, kai ne ka ƙi shi?"

"Ba ƙi na yi ba. Yaron da bai girmi Haulat ba, shi zai koya mini guga?"

"To sai me? Ni da na zo gidanku, tuwon da na iya shi kuke ci? Inna ta ce ya yi tauri, na shiga ɗaki na sha kukana, na fito na koyi naku. Ka taɓa ji na ce gadon gidanmu ne?"

Kafin ya buɗe baki ta ɗora.

"Ka dawo, wallahi muna murna," ta ce. "Amma na san halinka. Ba za ka rufa wata ba za ka fara neman faɗa da kajina."

Bai so ya yi dariya ba, amma ta ƙwace masa. Washegari ya tare motar Dakta ya ce a nemo masa yaron nan.

Jasim ya zo ranar wata Juma'a bayan masallaci, cikin jallabiya, da wasu tsofaffin kayan fareti a hannu. Ashe shi ma abin na damunsa, ɗaga muryar da ya yi wa sa'an ubansa. Ya sunkuya ya sumbaci kan Ɗanbaba yadda suke yi wa manyansu, ya kira shi Ammi, wato baffa. Da guntun Larabcin kasuwa da Ɗanbaba ya tsinta, da nuni da hannu, suka fahimci juna. Jasim ya naɗe hannun riga ya ɗauki dutse. Duk an koya musu guga a shekarar farko, in ji shi, karatu ne ya yi nauyi har ba su da lokacin yi da kansu.

Ɗanbaba ya tsaya a gefe, hannu a baya kamar sabon ɗan koyo, mai shayi na leƙe ta ƙofa. Abin ya yi masa ciwo, ba ƙarya. Sai dai idon mai sana'a ba ya ƙin gaskiya: yaron ya iya riƙe dutse. Layi ɗaya tak a gaban kowace ƙafar wando, daga ƙugu har bakin takalmi, kuma dole ya hau kan tsohon layin, in ya kauce ya zama biyu an faɗi. Babu bula. Sitaci ɗan kaɗan, a ji shi a hannu kada a gan shi da ido. Babu bugu, don ƙyalli ma laifi ne. Ninki kuwa, har abada.

Kansa ya ɗauka nan take, hannunsa ne ya yi gardama. Sai ya gama guga tsaf, hankalinsa ya ɗan tafi wajen rediyo, ya farga ya ga wando a ninke gida huɗu a gabansa. Ya ce a'uzubillahi, ya yayyafa ruwa ya sake. Duk azumin nan a kan tsofaffin kayan nan ya yi shi. Jasim kan biyo duk ƙarshen mako, ya ɗaga wando saitin hasken ƙofa, ya runtse ido ɗaya, ya girgiza kai ya ce, "Sake, Ammi." Wani lokacin Ɗanbaba ji yake kamar ya kwaɗa masa dutsen. Amma kuma sai ya samu kansa yana sauraren ƙarar motar yaron. Sukan sha ruwa tare a bakin shago, Jasim na ba shi labarin yadda teku ke juya wa mutum hanji da yadda lissafin injin jirgi ke juya kai, shi kuma yana ba shi labarin Kura. Ana gab da Sallah Jasim ya duba wando ya ce, "Yalla, zan kawo na gaske."

Na gasken kuwa na babban dubawa ne da ake yi kafin a kai su teku. Abokansa suka ce ya haukace, wanda ya jawo musu gudu a rana shi zai koma wa? Jasim ya kawo nasa shi kaɗai. Ɗanbaba ya yi bisimilla ya yi aikin, ya rataye, ya ja baya ya duba. Wallahi a idonsa kamar ba a yi komai ba. Fari ne kawai da layi biyu, ɗaya a kowace ƙafa. Ya miƙa wa yaron zuciyarsa ba daɗi.

Ranar dubawar, tun da hantsi babban ɗan kafil ya zo da wani mutum suna auna bango, suna nuna inda injin gasa nama zai zauna. Ɗanbaba ya ba su wuri ya koma bakin ƙofa. Shi a duniyar da ya sani, aiki mai kyau da baki ake gane shi. Mutum ya shiga taro a tare shi a ce kai, wa ya yi maka wannan, ya dawo ya gaya wa mai guga, mai guga ya kwana da farin ciki. Don haka ya ƙudura a ransa, in babban hafsan ya yaba, ko da kalma ɗaya ce, sauran za su dawo, shago ya tsira. Ya kasa cin abinci. Karak ɗin da mai shayi ya kawo masa ya huce a hannunsa.

Bayan la'asar motar Jasim ta shigo lungun ta toshe hanya. Ɗanbaba bai jira ya gama fitowa ba.

"Yaya? Me babban ya ce?"

"Bai ce komai ba, Ammi."

"Ko kalma?"

"Ko kalma. Ya zo kaina, ya duba, ya wuce."

Ɗanbaba ya koma ciki ya zauna a kujerar kafil, ya miƙa hannu ya zare wayar dutsen guga daga bango. Shi ke nan. Ya yi irin tasa an yi musu horo, ya yi irin tasu ba a ko gani ba.

"Ka yi haƙuri, ɗana," ya ce. "Allah ya sani na yi iyakar yina."

Jasim ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. Can ya gane, sai ya fashe da dariya, ya durƙusa ya kama hannunsa.

"Ammi, mutumin nan ba ya magana sai ya ga laifi! Tun da na shiga makarantar nan bai taɓa wuce ni bakinsa a rufe ba. Yau maɓalli, gobe zare, jibi takalmi. Yau ya zagaya ni har baya yana nema, ya rasa, ya wuce. Kowa ya gani. Taso ka ga."

Ya ja shi waje ya buɗe bayan mota. Fararen kaya ne maƙil har rufi, na 'yan ajinsu da na ajin da ke bin su, kowanne da sunan mai shi a wuya. Ɗanbaba ya tsaya yana kallo. Ya sa hannu ya shafa na sama, hawaye suka zubo masa, bai ko damu da mai shayi da mai gyaran waya da suka fito kallo ba. Ya share fuska da gefen singileti ya ce wa Jasim, "To tsayuwar me kake yi? Kwaso mana, kada su yi ƙura."

Ba a sa injin gasa nama ba. Dattijo ya zo ya ga kaya a rataye har bakin ƙofa, ya ja carbinsa, ya ƙaro ma'aikata. Gasar ta zo, lungun Mansura ya cika da baƙi masu tutoci da waƙe-waƙe, wasu har su tsaya su ɗauki hoton fararen kayan da ke jere a shagon. Su Jasim sun gama sun sa anini a kafaɗa, na bayansu sun gaji shagon kamar yadda ake gadon aji. Masu shadda ma sun dawo.

Yana nan har yanzu cikin tururinsa. In ka biya da yamma ka ce, Malam Ɗanbaba, yaya aikin sojan ruwa, sai ya ajiye dutse, ya washe baki har kunne.

"Alhamdu lillahi," zai ce maka. "Har yau ba wanda ya ce komai."